Neman Dukiya da Zaman Gida a Wasan Kwaikwayo

Wanda duk ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Maraɗi ya san Magama, inda ƙasar Jibiya ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. A nan ne a ke tsayawa a nuna takardu, kwastan su duba kaya, sa'an nan a wuce zuwa Ɗan Isa. In ka sami inuwa ka zauna ka zuba ido yini guda, za ka ga manyan motoci shaƙe da hatsi, da masu kora dabbobi, da masu canjin naira da sefa, da samari bisa babura suna kai da kawowa ba hutu. Kowa ka tambaya me ya fito da shi, amsa ɗaya zai ba ka, watau ya fito neman abin da zai kai wa iyali. Ba kuwa ƙarya ya yi ba. Amma da za ka bi waɗansunsu zuwa gida da dare, sai ka tarar iyalin nan da a ke wahala dominsu sun kwana biyu ba su sami zama da maigidan ba, in ma sun zauna ba mai iya faɗa wa wani abin da ke cikinsa.

Wannan al'amari shi na ke so mu duba, amma ta fuskar wasan kwaikwayo. Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, kuka iya ɗaukar littafi ku karanta da kanku, ya kamata ku san bambancin wasa da sauran rubuce-rubuce. Mai wa'azi shi kaɗai ke magana, ya ce wannan halal ne wannan haram ne. Mai ba da labari shi ke riƙe da linzami, ya gaya maka wane mugu ne wane na kirki ne. Amma mai rubuta wasa sai ya ɓoye kansa, ya fito da mutane bisa dandamali, kowa ya faɗi hujjarsa da bakinsa, mai kallo ya zama alƙali. Sabo da haka wasa ya fi kowane irin rubutu dacewa da rikicin cikin gida, domin a rikicin gida da wuya ka sami wanda ba shi da tasa gaskiyar ko da 'yar kaɗan ce.

Mutanenmu ba baƙin wannan abu ba ne. Tun kafin boko yara suna tashe da watan azumi, suna kwaikwayon malami da tsoho da mai magani, 'yan mata suna kwaikwayon zaman miji da mata. Da rubutun boko ya zo sai aka fara sa wasanni a takarda. Rupert East ya fitar da wasanni shida a 1930, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, daga nan kuma sai Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka fara ratsa gidajen mutane ta rediyo kafin a buga su. Zamanin Nan Namu ya fito a 1959, Jatau Na Kyallu ya biyo baya a 1960. A ganina Shu'aibu Maƙarfi ne ya fara jawo kuɗi ya ajiye su a tsakar gidan Bahaushe, ya ce jama'a ku zo ku ga abin da su ke yi. Ya ji maganar mutanen birni da kunnensa, ta direbobi da 'yan kasuwa da zawarawa, ya zuba ta a takarda yadda ta ke, har mai karatu ya ji kamar a zaure ya ke zaune ana taɗi. Wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce, kuma har yanzu kaɗan ne suka kamo shi a nan.

Jatau mutum ne mai hali, da gidansa da mutuncinsa. Ya ɗauko Kyallu, macen da ta saba zaman kanta, ya kawo ta gida, daga nan dukiya ta kama hanya, zaman lafiya ya bi ta. Wanda ya karanta ba zai manta da Kyallu ba, gama ita ce gishirin wasan. To, amma a nan ne na ke da magana. In aka rufe littafin aka tambayi mutum goma me ya rushe gidan Jatau, tara za su ce Kyallu ce. Jatau kuwa sai a ce wauta ce ta same shi, a yi masa dariya, a ɗan tausaya masa. Dukiyarsa ba wanda zai tuhume ta. Ita dai ni'ima ce da ke zaune lafiya, sai ɓarauniya ta shigo daga waje ta kwashe. Ba wanda zai tsaya ya tambaya ta wace hanya aka tara ta, ko me tara ta ya riga ya ci a gidan tun Kyallu ba ta zo ba, ko kuwa wane hali ne kuɗin suka koya wa Jatau har ya ga duk abin da ransa ya so sai ya saya.

Haka kuma Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda aka buga a 1968. Hayatu ne ke wulakanta matarsa Halima, shi ne ba ya riƙe gidansa yadda ya kamata, amma dubi wadda aka sa wa wasan sunanta. Ba na cewa marubucin ya wanke Hayatu ba, ko kusa, ya dai nuna shi da munin halinsa. Abin da na ke nufi shi ne akwai wata ɗabi'a tamu, mu masu kallo da masu rubutu duka, ta son mu sami wata tsohuwa ko wata karuwa ko wani ɗan kamasho mu ɗora masa kayan laifi, domin zuciyarmu ta fi samun sauƙi in ɓarnar daga waje ta shigo.

Umaru Ɗanjuma Katsina ya gane wannan ɗabi'a, shi ya sa ya kira wasansa na 1979 Kulɓa Na Ɓarna. Kowa ya san ƙarashen karin maganar, kulɓa ke ɓarna a ce jaba ce. A wasan nan mai kuɗi ne ke amfani da abin hannunsa ya hure wa 'yar makaranta kunne, ya raba ta da hanyar da ta ke kai, sa'an nan duniya ta juyo ta zagi yarinya. Nan an matso kusa da gaskiya ƙwarai, domin an nuna kuɗi da kansu suna aikin ɓarna, an kuma nuna yadda kyauta ke rufe bakin waɗanda ya kamata su tsawata. Daga baya har an mai da shi fim. Duk da haka, abin da mai kallo ya fi riƙewa shi ne ta'adin da Alhaji ya yi a gidan wani. Alhajin nan baƙo ne gare mu, muna kallonsa daga nesa muna tsine masa, ba wanda ya fita daga kallo yana cewa ai ni ne wannan. Haka nan Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci, na 1982, sunansa kaɗai ya riga ya yanke hukunci tun ba a buɗe labule ba.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da suka yi karatun Faransanci sun san wani tsohon wasa na Molière, na 1668, a kan wani marowaci mai suna Harpagon, wanda ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, ya fi ƙaunarsa bisa 'ya'yansa. Akwai wurin da ɗansa ya matsu ya nemi rance ta hannun dillali, aka kai shi gaban mai ba da bashi da ruwa, sai ga shi ubansa ne. Abin dariya ne ƙwarai, amma irin dariyar da ba ta cizon kowa, gama ba mai ɗaukar kansa marowaci.

Wasan da na ga ya shiga inda sauran suka tsaya bakin ƙofa, wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, sunansa Arthur Miller. An fara nuna shi a 1947, sunansa All My Sons, watau duk 'ya'yana ne. Bari in ba ku labarinsa a taƙaice, domin sai da shi maganata za ta fito fili.

Wani mutum ne, Joe Keller, bai yi karatu mai zurfi ba, da guminsa ya kafa masana'anta. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka ba shi kwangilar ƙera wani sashe na injin jiragen saman yaƙi. Wata rana kayan suka fito da tsaga a jikinsu. Soja na jira, in bai kai ba za a karɓe kwangilar, aikin shekaru da yawa ya rushe. Abokin cinikinsa, wanda kuma maƙwabcinsa ne, ya buga masa waya daga wurin aiki, Joe ya ce a rufe tsagar a aika, shi kuwa ya kwanta a gida ya ce ba shi da lafiya. Jirage suka faɗi, matuƙa 21 suka mutu. Da aka je gaban shari'a Joe ya musa cewa ya ba da umurni, aka sake shi, aka ɗaure abokin. Ya komo ya ci gaba da sana'arsa, dukiya ta haɓaka.

Yana da 'ya'ya maza biyu, duk sun tafi yaƙi. Larry matuƙin jirgi ne, ya ɓace ba a ga gawarsa ba. Chris ya dawo, yana aiki tare da uban, yana kuma so ya auri Ann, 'yar mutumin da ke kurkuku, wadda dā Larry ke nema. Uwarsu Kate ta ƙi yarda sam cewa Larry ya mutu. Duk wasan a bayan gidansu a ke yinsa, cikin kwana ɗaya da dare ɗaya, ba a nuna yaƙi ba, ba a nuna kotu ba. Sannu a hankali gaskiya ta riƙa ɓullowa, har Chris ya gane abin da ubansa ya yi. A ƙarshe Ann ta fito da wasiƙar da Larry ya rubuto mata, inda ya nuna ya ji labarin abin da ubansa ya aikata, kunya ta hana shi ci gaba da rayuwa, da gangan ya tafi bai dawo ba. Joe ya ji abin da ke cikin wasiƙar, ya shiga ɗaki ya harbe kansa.

To, ku lura da abin da ya sa wasan nan ya ke da nauyi. Joe Keller ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne, ba marowaci ba ne. Mutum ne mai fara'a, yaran unguwa na son sa, yana ƙaunar matarsa, ba shi da wani buri sai ya bar wa ɗansa abin da zai dogara da shi. Da aka ƙure shi, hujjarsa ke nan, domin iyalinsa ya yi. Mai kallo kuwa ba shi da ikon ya ƙaryata shi, gama gaskiya ya faɗa. Babu Kyallu a gidan nan, babu tsohuwa mai kai gulma. Son iyalin ne da kansa, da ya ƙuntata har ya zama ba ya ganin 'ya'yan kowa sai nasa, ya juyo ya cinye iyalin. Wanda ya kalli wannan ba zai tashi yana dariya ba, zai tashi yana lissafin nasa cinikin. Shekara biyu bayan haka, a 1949, Miller ya sāke wani wasan a kan wani ɗan talla, Willy Loman, wanda ya cusa wa 'ya'yansa cewa darajar mutum ita ce abin da ya tara, har ya kai ga hallaka kansa don a biya iyalinsa kuɗin inshora. Amma na farkon ya fi kusa da mu.

Na ce ya fi kusa da mu, sabo da in akwai inda Joe Keller zai iya zama Bahaushe, to, a bakin iyaka ne. Ku tuna yadda wurin ya ke. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin nan, aka kafa alamunsa tsakanin 1906 da 1908, alhali kuwa mutanen da ke hagu da dama duk dangi ne. Sarautar Maraɗi ma Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa a ke ce wa sarkinta Sarkin Katsina. Mutum na Jibiya, kawunsa na Maraɗi, gonarsa ta gado wataƙila rabinta na can. Da aka sami kuɗi iri biyu da doka iri biyu a tsakanin 'yan'uwa, sai kaya ya zama yana da farashi biyu, tazarar da ke tsakani kuwa ita ce riba. Shekaru da yawa man fetur ya fi araha a Nijeriya sabo da tallafin gwamnati, sai a ɗura a jarka a fitar, har aka janye tallafin a Mayu 2023 ribar ta ragu. Shinkafar waje kuma, wadda a ke saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano a biyo da ita ta Nijar, ta nan ta riƙa shigowa, ko da ya ke an hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa a 2016. Hukuma na kiran wannan fasa-ƙwauri, masu yi kuwa suna ce da shi fito.

An sha rufe iyakar. An rufe ta daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sāke rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, a tsakanin nan kuma aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, watau har da garin Jibiya kansa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka kuma rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Kowa ya san abin da rufewa ke haifarwa. Mai ciniki na halal ya zauna ba aiki, wanda ya iya bin daji da dare kuwa ribarsa ta ninka, haɗarinsa ma ya ninka. Wanda ke kan babur da buhu uku ko jarka shida cikin duhu, ba fitila, a guje, yawanci ba shi ne mai kayan ba. Yaro ne, ɗan wani.

Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓa wannan duniya a littafinsa Turmin Danya na 1982, inda ya nuna Alhaji Gabatari, hamshaƙin ɗan fasa-ƙwauri, da yadda kuɗinsa ke sayen mutane. Amma wannan ƙagaggen labari ne, ba wasa ba, kuma Gabatari mugu ne a fili. Wanda ni ke so in gani bisa dandamali ba irinsa ba ne. Ina so in ga maigida mai salla a kan lokaci, mai zumunci, wanda ya tashi cikin talauci ya rantse 'ya'yansa ba za su ɗanɗana abin da ya ɗanɗana ba. Ya fara da jarka ɗaya, ya kai ga mota. Ya fitar da ɗansa daga makaranta don ya riƙe masa lissafi, yana cewa ai duk naka ne. Yana da yara masu yi masa fito, a cikinsu har da ɗan ƙanensa marayan da ya riƙa. Wata rana aka gaya masa hanya ba kyau, kaya kuwa in suka kwana asara ce, sai ya ce a tafi. Ɗan nasa na cikinsa ya hana shi fita daren nan, ya aike shi wani wuri. Marayan bai dawo ba.

Sai dai in gargaɗi wanda zai rubuta wannan da abu guda. Kada ya mai da shi wa'azin kwastan. In ya nuna maigidan nan kamar wanda ya ga hanyar halal a buɗe ya ƙi bi don tsabar haɗama, mutanen Jibiya za su kalla su ce wannan bai san garinmu ba. Sun san shekarun da kasuwa ta mutu, sun san yawan shingayen da ke kan hanyar Katsina, sun san abin da rashin tsaro ya yi wa noma a ƙauyukansu. Dole a bar maigidan ya faɗi duk wannan da bakinsa, a ba shi hujja mai ƙarfi har mai kallo ya kusa ba shi gaskiya. Sa'an nan ne faɗuwarsa za ta yi zafi. Ba kuma kowane ɗan kasuwar iyaka ne ɗan fito ba, da yawa suna biyan abin da hukuma ta ɗora musu su wuce da rana tsaka, ya kamata a ga irinsu a wasan, ko da mutum ɗaya ne, wanda a ke yi wa kallon wawa don bai yi arziki ba.

Akwai kuma wata wahala wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin a nan ne za a gane ko marubuci ya kwafo na Turawa ne ko kuwa ya san gidan Bahaushe. A wasan Miller, ɗa ya tsaya gaban ubansa ya ɗaga murya, ya tuhume shi ido da ido. A wurinmu wannan ba ya yiwuwa. Ɗan da ya yi haka, ko da gaskiyarsa, masu kallo sun bar gefensa ke nan, sun koma bayan uban. Balle in ɗan fari ne, wanda uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya sakin fuska da shi a gaban mutane. Tsakaninsu akwai kunya, ita kuwa kunya ado ce, amma a irin wannan gida sai ta zama bango wanda laifi ke ɓuya a bayansa shekara da shekaru. To, yaya za a yi gaskiya ta fito?

Wanda ya san al'adarmu ba zai rasa ƙofa ba. Muna da kaka, wadda ke wasa da jikanta, ta kuma isa ta kira uban da sunan da ta raɗa masa tun yana yaro. Muna da gwaggo, 'yar'uwar maigida, wadda ba ta shakkar shiga turakarsa ta faɗa masa abin da matarsa ba ta iya faɗa. Muna da abokin wasa, ɗan mace da ɗan namiji, wanda zai iya jefa magana mai dafi cikin raha a ce wasa ne. Fiye da duka kuma muna da shiru. Ɗan da kullum ya ke cin tuwon dare tare da ubansa a zaure, ran nan ya ce ya ƙoshi. Aka ba shi makullin sabon shago, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, da safe aka tarar da makullin a ajiye bisa buzun sallar uban. Bahaushen da ke kallo zai ji wannan fiye da ihu, gama ya san abin da a ke nufi in ɗa ya mayar wa uba kyauta.

Uwar gidan ma kada a mai da ita 'yar kallo mai kuka kurum. Abin da ya fi ban tsoro a wasan Miller shi ne Kate ta san gaskiya tun farko. Ƙin yarda da mutuwar ɗanta ba hauka ba ne, dabara ce ta zuciya, domin in ta yarda ya mutu, dole ta yarda ubansa na da hannu. Haka matar mutumin namu za ta kasance. Ita ta ji sa'ad da aka zo aka ce hanya ba kyau, tana bayan ƙyaure. Ita ta ga an hana nata ɗan fita an tura na wani, ta yi shiru, har ma a ranta ta ji sanyi. Tun daga ranar ta ke aika wa uwar yaron da abinci da atamfa kowace salla, mutane na yaba kirkinta. Mawallafanmu sun saba ba mu mace ko dai muguwa ko kuwa abar tausayi, ga wata irin ta uku nan wadda ta fi su duka yawa a duniya.

Ba kuwa sai an nemi babban zaure ko kayan aiki masu tsada ba. Yadda Miller ya tsare wasansa a bayan gida ɗaya, haka wannan zai ƙare a tsakar gida ɗaya, da tabarma da buta da murhu. Iyaka ba sai an nuna ta ba, ƙarar babur daga nesa ta isa, kowa a gidan ya ɗaga kai ya saurara har ta wuce. 'Yan wasan rediyo da talabijin na Katsina da Kaduna, da na Damagaram da Yamai irin su Yazi Dogo, sun daɗe da nuna cewa da ɗan abu kaɗan a ke riƙe jama'a, in dai maganar ta gida ce. Ajin yaƙi da jahilci ma ya isa ya shirya irin wannan a filin makaranta, kowa ya kawo abin da ya sani na maganar kasuwa da ta cikin gida a haɗa.

Da ni zan rubuta fitowa ta ƙarshe, ba zan sa bindiga ba, domin mutumin namu Musulmi ne, ba zai bi hanyar Joe Keller ba, zai rayu ne da abin da ya yi. Zan sa shi zaune a zaure bayan sallar lisha, akushi biyu a gabansa kamar kullum. Ɗan ya shigo da 'yar jakarsa ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce, "Baba, na zo sallama, zan bi motar asuba zuwa Kano." Uban ya ce, "Wa zai riƙe shagon?" Ɗan ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Uban ya ce, "Duk abin da ka ga na yi, dominku na yi." Ɗan ya ce, "Na sani, Baba." Daga cikin gida a ji muryar uwar tana tambaya ko a kawo ruwan wanke hannu, ba wanda ya amsa mata. Uban ya jawo akushi ɗaya ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfin.